Jar Baƙuwa a Ɗakin Furera

A unguwar Barade kowa da abin da yake faɗa a kan Hammanjoda ɗan Malam Abbo. Masu shayin bakin titi cewa suke da ƙashin arziki aka haifi yaron, ko ƙasa ya damƙa sai ta zama kwangila. Ma'aikatan da aka kwaso daga Yola lokacin da aka ba mu jiha cewa suke babu ofishin da za ka shiga a Jalingo ba ka zauna a kujerar da Joda ya kawo ba, ko da yake akwai waɗanda in ka zauna a kai gara ka riƙe tebur. Dattawan masallaci suna cewa gemunsa bai gama tsirowa ba amma aljihunsa ya yi furfura. Abigail mai doya, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da nasu, cewa take ta san shi tun yana yawo ba wando, kuma a ganinta har yau hankalinsa bai sa wando ba.

Mutum ɗaya ce ba a taɓa jin ta bakinta ba, ita ce Dada Furera da ta haife shi. Ɗanta ne na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama inda ya zauna. In dole ta sa ta ambace shi sai ta ce "yayan Zulfa". In yana da magana da ita sai ya faɗa wa ƙanwar tasa Zulfa, ita ta kai, ta dawo da amsa. Duk unguwa ana yaba mata, ana cewa a zamanin nan da wuya a sami mai kunyar ɗan fari irin Furera.

Da bazara, shekarar da man fetur ya fara wuya, Joda ya dawo daga Legas da mota. Ja ce jawur, cikinta kamar zai share ƙasa, ƙofa biyu, kujera biyu. Fitilunta a lumshe suke, sai an taɓa wani maɓalli su ɗago kamar idon kwaɗo. Ko Kwamishina ba shi da irinta. 'Yan acaɓa suka leƙa ciki suka ga babu wurin mutum na uku, nan take suka raɗa mata suna Daga-Ni-Sai-Ke. Malam Abbo ya shiga sau ɗaya aka kai shi masallacin Juma'a, da aka isa sai da aka ciro shi kamar ƙaya, amma tun daga ranar tafiyarsa ta canza.

Matsalar ita ce makwanci. A waje yara suna dangwala mata yatsa, akuya ta taɓa hawa kanta, rana kuma an ce tana cin fenti. Aka kira birkila ya zagaya gidan, ya dawo ya ce ɗaki ɗaya ne bayansa ke kallon titi, in aka fasa bangon aka sa ƙofar ƙarfe an sami gareji. Ɗakin Dada Furera ne, wanda aka kawo ta cikinsa tana amarya.

Joda ya aiki Zulfa. Ya ce ta gaya wa Dada na kwana biyu ne, zai gina mata sabo a bayan gida, na bulo, da silin da fanka. Zulfa ta taso daga gidan mijinta a Yelwa ta kai saƙo. Dada tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba, ta ce ai gidan ubansa ne. Kafin maganar ta iso wurin Joda ta zama Dada ta ce ba komai, Allah ya sa alheri. Zulfa ba maƙaryaciya ba ce, sai dai an yi mata alkawarin za a mayar da ita Yelwa a cikin jar mota.

Aka kwashe kayan Dada aka kai sito, wani ɗan lungu manne da madafa inda ake ajiye masara da gawayi. Gadonta na ƙarfe bai shiga ba, aka kwance shi aka jingine a bayan rijiya. Ƙoren jerenta, masu zane, waɗanda ta zo da su daga gidansu, aka cusa a buhu. Aka matsar da masara gefe aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa. Da safe Malam Abbo ya tsaya daga bakin ƙofa ya tambaye ta yadda ta kwana.

Ta ce, "Jam."

Wato lafiya. Ya koma waje ya shaida wa kowa cewa ta ce lafiya.

Bulo ya iso kamar yadda aka yi alkawari, aka jibge a tsakar gida, mata suka riƙa shigowa suna taya Dada murnar sabon ɗaki. Sai aka gano motar ba ta iya tsallake lambatun ƙofar gida ba tare da ta kurje ciki ba. Bulon ya tafi ga kwalbati da gangaren siminti. Kwanon rufi ya iso, aka ga ai ana bukatar rumfar wanke mota. Fanka ta iso, ita kuwa aka ɗaura ta a ɗakin Dada ɗin, tsohon, don an ce zafi yana fasa fatar kujera. Turakun da aka kafa a bayan gida aka zagaye da igiya suka zama wurin shanya.

Sannan ga jiniya. An sa wa motar wata na'ura da in aka taɓa ta sai ta kama ihu. Ranar farko da Dada ta sa taɓarya a turmi ƙasa ta girgiza, motar ta kwarma kuka, rabin Barade suka fito da sanduna. Aka aiko Zulfa da roƙo cewa a daina daka a gidan. Daga nan kullum Dada ce ke mirgina turminta ta ƙofar baya zuwa gidan Abigail.

Abigail ba ta iya ɓoye abu a ciki ba. Ta ce ita a Kona aka haife ta, kuma a wurinsu ɗan fari shi ake fara zagi don na baya su ji tsoro. Ta ce in Furera ba za ta iya ba, ta ba ta aron yaron na wuni ɗaya. Dada ta yi murmushi ta ce yaro ne, kuma abin na kwana biyu ne. Ta ci gaba da daka, tana tsayawa tana tari.

Tarin daga hayaƙi ya samo asali. Bangon da ke tsakanin sito da madafa bai kai sama ba, duk abin da aka hura a murhu a kanta yake sauka. Masarar an barbaɗa mata maganin ƙwari, shi take shaƙa ta kwana. Da sassafe kuma Joda yakan ta da motar ya bar ta ta yi ɗumi, ya buɗe ƙofar cikin gida don kada hayaƙi ya taru a gareji, salansar motar kuwa saitin sito take. Yana tsaye da tsumma yana goge madubi, uwarsa na bayansa tana toshe baki da gefen mayafi don kada ya ji, kunya ce ɗan fari ya ji tarinki.

Da damina ta sauka sai sito ya nuna halinsa. Ruwa ta sama, danshi ta ƙasa. Dada ta jera kwanoni tana tare ɗigo, ta naɗe katifa ta zauna a kan buhun masara har a ɗauke. In aka yi tsawa motar ta amsa da ihu, Joda ya fito a guje da lema ya duba ta, ya lallashe ta ta yi shiru, ya koma ɗakinsa. Hanyarsa ta gaban sito take. Gara ta shiga buhun ƙore. Ranar da Dada ta kwance bakin buhun ta tarar da gari da ɓarɓashi, ta share ta zuba a bola, ba wanda ta gaya wa.

Abigail ta fara da maigida. Ta same shi a kujerarsa gaban gareji, inda yanzu yake wuni yana yi wa baƙi bayanin abin da bai sani ba game da inji. Ta tambaye shi don me bai ba da nasa ɗakin ba. Ya ce nasa ba ya kallon titi. Ta ce to ya ɗauki matarsa su zauna tare mana. Ya yi salati, ya ce tsofai-tsofai da su, da suruki da jikoki, me duniya za ta ce. Ya ƙara da cewa kullum yana tambayar ta, kullum jam take cewa, shi kuwa ba ya shiga zuciyar mutum. Ya rufe da cewa mace ta gari haƙuri ne adonta, kuma ɗa in Allah ya ɗaga shi ba a ja masa riga.

Ta tare Zulfa. Zulfa ta ce ita ƙanwa ce, wace ce ita da za ta gaya wa yaya yadda zai yi da gidan ubansa. Ta ce ta taɓa cewa a mayar da Dada falon Yaya, amma kowa ya san Dada ko da wuƙa ba za ta taka ɗakinsa ba. Wannan hujja ta yi wa kowa daɗi a gidan, har aka riƙa maimaita ta wa baƙi: an ba ta falo, ita ta ƙi.

Shi kuwa Joda ta same shi a rumfar wanki, ya naɗe hannun riga, yana shafa wa motar wani mai daga gwangwani.

Ta ce, "Joda, uwarka yana tari kamar tsohon janareta, kai kana nan kana shafa wa ƙarfe mai."

Ya gaishe ta da ladabi, don bai taɓa yi wa babba rashin kunya ba. Ya ce siminti ne ya yi tsada, birkila kuma ya tafi gona, da an ɗauke ruwa za a fara. Sannan ya tambaye ta ko Dada ce ta aiko ta. Ta ce a'a.

Ya ce, "To kin gani, Mama. Da abin ya dame ta ai da ta aiko."

Da Dada ta ji abin da Abigail ta yi, kwana biyu ba ta kai turmi gidanta ba. Da ta koma ta ce mata ta ba ta kunya, yanzu yayan Zulfa zai zaci ƙararsa ta kai. Abigail ta ce wannan kunya taku wata rana ita za ta ɗauki makara. Dada ta ce to, in ta ɗauka ai ta rage wa maza aiki.

Ta rame. Ta daina iya mirgina turmi, sai Abigail ta riƙa yi mata dakan ta miƙo ta kan katanga. Salla ta koma yi a zaune. Joda ya aiko da lemon gwangwani da maganin tari mai tsada, Zulfa ta koma ta ce an ce an gode. A wannan makon ne aka kawo wa motar rigarta daga Kano, wani tamfol mai laushin ciki da aka ɗinka daidai jikinta, don kada sanyin damina ya kama ta a cikin ɗaki.

Wata safiya bayan ruwan da ya kwana yana zuba, Abigail ta miƙo gari ta kan katanga ba wanda ya karɓa. Ta zagayo. Ta sami Dada a kwance kan jiƙaƙƙiyar katifa, jiki kamar garwashi, numfashi yana fita da ƙara. Malam Abbo ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa jiya ma da ya tambaye ta lafiya ta ce. Abigail ta ce ya matsa.

Aka nemi tasi, babu. Duk motocin garin suna layin mai, wasu sun kwana a can. Mai wannan hali ba ta hawa acaɓa. Mota ɗaya ce a Barade da mai a cikinta, don Joda ba ya rabuwa da jarkoki. Da Dada ta gane abin da ake shiryawa sai ta yunƙura, ta ce a sa ta a baro, a tura ta, ta yarda. Ba wanda ya saurare ta. Abigail da Zulfa suka tallabe ta suka bi da ita ta ƙofar cikin gida.

Rabonta da ɗakin tun ranar da aka fitar da gadonta. An yi masa farin fenti. An shimfiɗa leda a ƙasa. Fanka tana juyawa a hankali. Ko ɗigon ruwa babu, sai ƙamshi. Ta bi bangon da kallo har aka lanƙwasa ta aka zaunar a kujera aka ja mata bel. Zulfa ta leƙa ta ga babu inda za ta raɓa, Abigail ta ce su je, za su biyo su a acaɓa. Joda ya shiga ya rufe ƙofa. Kafaɗarsa tana kusan taɓa ta uwarsa. Tun da aka yaye shi ba su taɓa zama kusa haka ba, kuma babu Zulfa a tsakani.

Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka. Shi yana kallon titi, ita tana kallon taga. Mutanen layin mai suna miƙewa suna ɗaga wa motar hannu. Sun yi nisa, ƙarar numfashinta ta cika motar. Can ta ɗaga hannu ta ɗora a kan fatar gaban motar, ta shafa, kamar yadda ake shafa bayan saniya.

Ta ce, "Sannu, baƙuwa. Tun da kika zo ban shigo na gaishe ki ba, ki yi mini uzuri."

Joda ya juyo, ya ga ba da shi ake ba. Ya mayar da ido kan titi.

Ta ci gaba da magana da motar, tana yi tana hutawa. Ta tambaye ta ko tana jin daɗin ɗakin. Ta ce ɗaki ne mai albarka, ba ya yoyo, sai dai kusurwar gabas tana son a riƙa share ta, don nan ne wurin salla. Ta ce wajen da ƙafarta ta baya take tsayawa, nan gado yake da. A nan mai motar ya koyi rarrafe. A nan ƙyanda ta kwantar da shi har aka fid da rai, mata suna shigowa suna yaba mata cewa ko kallonsa ba ta yi.

Ta ce, "Ina kallo. Sai sun fita nake kallo."

Tari ya sarƙe ta. Joda ya rage gudu, ya rasa ko ya taɓa ta ko kada ya taɓa. Da ya lafa ta sake dafa motar.

"Alfarma ɗaya nake nema wurinki, tunda ke yana jin maganarki. Ko tari kika yi yana fitowa da lema. In ta Allah ta kasance, ki ara mini ɗakin na rabin wuni a yi mini wanka a ciki. Siton ba zai ɗauki masu wanka ba, kuma ba na so mata su ga inda nake kwana su zage shi. Da an fita da ni sai ki koma abinki."

Daga nan ta janye hannunta ta lumshe ido. A haka suka shiga ƙofar asibiti.

Kafin ya kashe inji mutane sun taru, masu jinya da masu sayar da ayaba da ma'aikata, kowa yana son ganin wanda zai fito daga Daga-Ni-Sai-Ke. Aka turo keken marasa lafiya. Abigail da Zulfa suka sauka daga acaɓa suna haki. Joda ya zagayo ya buɗe ƙofar. Motar ta yi ƙasa da yawa, ba a ciro mutum daga ciki a tsaye, dole ya sa gwiwa a caɓi da farar shaddarsa. Ya kwance bel ɗin. Sai ya ƙi tashi.

Zulfa ta matso da sauri ta ce, Yaya, me za a gaya mata? Ya ce ta matsa, yau ba aike. Ya ciro makullin gareji ya miƙa wa Abigail ba tare da ya waiwaya ba, ya ce a kira birkila ko yana gona, a toshe bangon titi, a mayar da gado. Abigail ta ce motar fa. Ya ce ta kwana a lambatu.

Dada ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya kai wajen sitiyari. A hankali ta ce wa Zulfa ta gaya wa yayanta ya tashi, mutane suna kallo. Bai jira an kawo masa saƙon ba. Ya ɗaga murya yadda har masu ayaba suka ji.

"Dada, ba motar ba ce, ni ne. Ina jin tarinki kullum, na yi kamar ban ji ba, don na san ba za ki faɗa ba. Na ɓuya a bayan kunyarki na zalunce ki. Ki yafe mini, Dada."